Yankari: Mai Son Ganin Giwa Ya Fara Tambayar Inda Ruwa Yake

Ɗan Bahaushe yakan san giwa tun kafin ya san baƙi. Ya ji ta a tatsuniya tare da dorina da gizo, ya ji ana yi wa sarki kirari da toron giwa, ya kuma ji manya suna cewa giwa a garin wani zomo ce. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin ta a tsaye cikin dawa tana karya reshe da haurenta. Alhali kuwa ba sai an je Kenya ko Tanzaniya ba. Garken giwaye mafi girma da ya rage a Nijeriya yana nan a dajin Yankari, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauci. Sai dai mutane da yawa sukan je su dawo suna cewa ba su ga komai ba sai birai. Galibi laifin ba na dajin ba ne, na shiri ne. Sun je a lokacin da ya dace da hutunsu, ba lokacin da ya dace da namun ba.

Yankari ba gidan ajiye dabbobi ba ne irin wanda ake zagayawa a ga zaki cikin keji. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a watan Disamba na 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar Bauci. A cikin wannan faɗi, giwayen da aka ƙiyasta ba su wuce 100 zuwa 150 ba. Duk wanda ya auna wannan adadi da girman dajin zai gane cewa haɗuwa da su sai da lissafi.

Lokaci shi ne rabin tafiya

Lissafin kuwa guda ne, ruwa. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyar dajin, kuma ba ya ƙafewa ko da rani ya yi tsanani, domin maɓuɓɓugai ne ke ciyar da shi. Da damina, daga wajen Mayu zuwa Satumba, ko'ina akwai kududdufi. Namun sai su watsu, gamba ta yi tsawo ta rufe ido, wasu hanyoyin kuma su gagari mota. A wannan lokaci dajin yana da kyan gani, amma yana ɓoye abin da ke cikinsa.

Da rani ne labari ke sauyawa. Kududdufai su bushe, ciyawa ta kwanta, itatuwa su zubar da ganye. Babbar giwa tana shan ruwa fiye da lita 100 a yini, don haka ba ta iya yin nisa da kogi. Haka ɓauna, haka gwanki da kanki da gwambaza da mazo. Duk sai su gangaro kwarin Gaji. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyin hunturu, tafiya tana da daɗi, sai dai hazo yakan rage nisan gani, ya kuma dusashe hoto. Maris da Afrilu zafi ne sosai, amma a nan ne aka fi samun ganin manyan namun, domin ƙishirwa ta tara su wuri guda. Mai tafiya da yara ƙanana ko tsofaffi ya zaɓi hunturu. Wanda burinsa giwa ce, kuma yana iya jure rana, ya jira bazara.

Haka ma cikin yini akwai lokaci. Namun daji suna fita da sanyin safiya da kuma bayan la'asar. Da tsakar rana kowa yana inuwa. Saboda haka wanda ya taso daga Kano ko Jos da hantsi, ya iso da azahar, ya zagaya sau ɗaya ya juya, ya zo ne a lokacin da dajin ke barci. A ware aƙalla kwana biyu, yadda za a sami fita uku ko huɗu. In da hali kuma a kauce wa ranakun bukukuwan ƙarshen shekara da na Salla, lokacin da masauki ke cika, hayaniya ta yi yawa.

Hanya da guzuri

Daga garin Bauci ana bin hanyar Gwambe zuwa Dindima, a nan a karkata zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofar shiga take. Daga ƙofar akwai sauran tafiyar kilomita 40 da wani abu kafin a kai sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke. Jimillar tafiyar ta haura kilomita 100. A cika tankin mota tun daga Bauci, a duba tayar safaya, a riƙe tsabar kuɗi a hannu, domin ba a dogara da sabis na waya a dawa. Matambayi ba ya ɓata: kafin a tashi a tuntuɓi hukumar dajin a kan kuɗin shiga, kuɗin ɗaki, kuɗin motar zagaye, da kuma halin da hanya take ciki. A yi tafiyar da rana, a isa kafin magariba.

Tufafi ma suna da nasu ilimi. A dajin akwai ƙudan tsando, kuma shuɗi da baƙi suna jawo shi. A sa kaya masu ruwan ƙasa ko ruwan toka, masu dogon hannu, da takalmi rufaffe da malfa. Da hunturu a ɗauki rigar sanyi, domin buɗaɗɗiyar mota da asuba tana da ɗari. A tanadi ruwan sha mai yawa, da maganin shafawa na sauro, da tocila. Wanda ya sami tabarau mai jawo nesa kusa ya ɗauka, don shi ne zai bambanta masa gwanki da kututture.

Da ɗan gari akan ci gari

Ba a shiga dajin sai da ma'aikacin gandu, kuma wannan doka rahama ce ga baƙo. Na ga amfanin haka da idona wata safiya. Mota tana tafe a hankali, sai jagoran ya ɗaga hannu direba ya tsaya. Mu ba mu ga komai ba. Shi kuwa ya nuna mana sawu a kan rairayi, mai faɗi kamar faifai, gefensa bai ko rushe ba. Gaba kaɗan ga kashi jibge, da sauran danshi. Ga wani reshen itace an ɓalle shi, farin cikinsa bai bushe ba. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Yanzu suka wuce, a yi shiru." Muka zauna kusan rabin sa'a ba mai magana. Sai muka ji ƙarar karyewar itace, sannan wani abu da muka ɗauka dutse ne ya kaɗa kunne. Uwa ce, ɗanta yana manne da ƙafarta. Da mun yi gaggawa, da mun wuce su ba mu sani ba.

Giwa takan ɗauki ciki wata 22 kafin ta haifi ɗa guda, shi ya sa mai goyo ba ta ɗaukar wargi. Kada a sauka daga mota sai jagora ya ce a sauka. Kada a yi ihu ko a buga ƙaho don dabba ta waiwayo a ɗauki hoto. Kada a kusanci bakin ruwan da ba a sani ba, domin akwai kada, akwai dorina. A sansanin Wikki kuwa gwaggon biri ya saba da mutane har ya daina tsoro. Yakan fizge ledar burodi daga hannun yaro, yakan shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Baƙi masu jefa masa abinci su suka koya masa haka. A rufe ƙofa da taga, a ɓoye abinci, kada a ba shi ko loma.

Game da zaki, gara a faɗi gaskiya tun a gida. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, kuma a Nijeriya wuri biyu kawai aka same su, Yankari da gandun Kainji. 'Yan kaɗan ne, kuma zaki yakan shafe mafi yawan yini a kwance. Ganin sa rabo ne. Raƙumin dawa kuwa ya daɗe da ƙarewa a Yankari. Wanda ya san haka ba zai dawo da ɓacin rai ba, zai buɗe ido ga abin da ke akwai. Tsuntsaye kaɗai sun haura iri 350. Ga burtu yana taku cikin ƙasaita, ga carki a bayan ɓauna yana cire mata kaska, ga zabin daji suna tsallaka hanya a jere.

Tsakanin fitar safe da ta yamma, sai a gangara maɓuɓɓugar Wikki. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garau har ana ganin farin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa yana nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina. Kimanin lita miliyan 21 ke malala daga gare ta kowace rana zuwa Gaji. Wato ruwan da baƙo ke wanka a ciki shi ne wanda giwa za ta sha a gaba, don haka bai kamata a bar masa leda ko gorar roba ba. Mai sha'awar tarihi ya nemi a kai shi kogunan Marshal, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukke, da tsofaffin matoyan ƙarfe na Shaushau. Waɗannan shaida ne cewa mutane sun zauna a nan, sun yi sana'a, tun kafin a keɓe wurin.

Wannan daji bai tsira a banza ba. Mafarauta suna shiga, ana kora shanu ciki, giwaye kuma sukan fita su ɓarnata gonakin ƙauyukan da ke kewaye, manomi ya wayi gari amfanin shekara ya tafi. Ma'aikatan gandu suna kwana a dawa suna sintiri, wasunsu har sun rasa rayukansu a bakin aiki. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS take aiki tare da gwamnatin jihar a kan tsaron dajin, har an ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke, don a san motsinsu. Baƙon da ya biya kuɗin shiga, ya kyautata wa jagoransa, ya yi sayayya a ƙauyukan hanya, ya kuma ƙi sayen naman daji ko fata, ya sa hannu a wannan aiki.

Saboda haka ina kira ga iyaye da shugabannin makarantu: tun yanzu a fara tanadi, a sa rana cikin rani mai zuwa, a ɗauki yara a kai su. A koya musu yin shiru, a nuna musu sawu, a gaya musu sunan kowace dabba da Hausa. Gani ya kori ji. Yaron da ya ga giwa tana shan ruwa a Gaji, shi ne gobe zai tsaya ya ce kada a taɓa ta.