BAƘO MAI KUƊI DA 'YAR TALAKA

Gargaɗi ga iyaye da shugabanni a ƙasar Karaye da Rogo

Tun kaka da kakanni mutanen ƙasarmu sun san tafiya, sun kuma san dalilanta. Akwai falke mai zuwa Gwanja sayen goro, akwai almajiri mai nufar gabas neman karatu, akwai ɗan cin rani, akwai kuma mai niyyar sauke farali a Makka. Kowannensu in an tambaye shi abin da ya fito da shi daga gida, zai faɗa a gaban jama'a ba tare da jin kunya ba. To, zamanin jirgin sama ya zo da wata irin tafiya wadda mai yin ta ba ya iya faɗin dalilinta a gaban matarsa ko 'ya'yansa. Watau mutum ya tashi daga ƙasa mai arziki, ya sauka ƙasar matalauta da sunan yawon buɗe ido, alhali kuwa neman mata ne ya kawo shi, sau da yawa ma yara ƙanana waɗanda ba su san inda duniya ta dosa ba.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Karaye ko Rogo da wannan magana, tun da ba mu da bakin teku, ba mu da manyan masaukan baƙi? Amsa ita ce, kasuwar tana ci a birni ne, amma daga ƙauye ake kai mata kaya. Abin da ya sa muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda abin yake tafiya, da irin rigar da yake sawa in ya shigo ƙasar Musulmi.

YADDA ABIN YAKE A WAƊANSU ƘASASHE

A ƙasar Tailan akwai wani gari da ake kira Fattaya. Dā ƙauyen masunta ne a bakin teku. Da yaƙin Biyetnam ya yi zafi bayan 1960, sai sojojin Amurka suka riƙa zuwa can hutu da aljihu cike. Nan da nan aka gina mashaya da gidajen kwana, dillalai suka bazu cikin ƙauyuka masu fama da talauci suna kwaso 'yan mata. Yaƙi ya ƙare, soja suka koma gida, amma sana'ar ba ta mutu ba, gama 'yan yawon buɗe ido sun gaje ta. A nan Afirka ta Yamma ma ƙasar Gambiya ta ɗanɗana irin wannan daga Turawa masu gudun sanyin ƙasarsu, har dai a 2003 Gwamnatinta ta kafa doka musamman domin hukunta laifuffukan da ake yi a inuwar yawon buɗe ido.

Duniya ba ta yi shiru ba. A 1996 wakilan ƙasashe 122 suka taru a Istokholm, babban birnin Suwidin, suka yi alkawarin yaƙi da cinikin yara domin lalata. A 2003 Amurka ta yi dokar da za ta iya ɗaure ɗan ƙasarta har shekara 30 in ya lalata yaro ko yarinya a wata ƙasa, ko da can ba a kama shi ba.

In muka duba, abu uku ne ke riƙe da wannan sana'a ko'ina. Na fari, bambancin kuɗi: abin da baƙo zai kashe a cin abincin dare ɗaya ya isa ya ciyar da gidan talaka mako guda. Na biyu, rashin sani: mutumin da ke jin nauyin idon maƙwabta a garinsu, in ya je inda ba wanda ya san ubansa sai ya tuɓe kunya ya rataye. Na uku kuwa shi ne mafi muni, gama da ɗan gari akan ci gari. Baƙo bai san hanyar gidan kowa ba. Lalle sai an sami wani na gida ya yi masa jagora.

IN YA SA RIGAR AURE

A ƙasashen Musulmi, inda ake ƙyamar alfasha a fili, sai abin ya sake kama. A Masar akwai abin da suke kira auren bazara. Attajirai daga ƙasashen Larabawa masu arzikin mai sukan zo hutu, dillali ya kai su ƙauyukan kudu da Alƙahira, irin su Hawamdiyya, a ba uba kuɗi, a rubuta 'yar takarda a ce an ɗaura aure. In hutu ya ƙare ango ya hau jirgi, yarinya ta koma gidan ubanta, wani lokaci da ciki, ta jira baƙo na gaba. Masar ta hana rajistar auren wadda ba ta kai shekara 18 ba tun 2008. A 2015 kuma ta ƙa'ida cewa baƙon da ya girmi amarya da fiye da shekara 25 sai ya ajiye mata fam 50,000 na Masar a banki. Masu hankali da yawa sun soki wannan, suka ce ai farashi aka yanka wa abin maimakon a hana shi.

A birnin Haidarabad na Indiya ma haka. A 1991 wata ma'aikaciyar jirgin sama ta ga wata yarinya ƙarama tana ta kuka a jirgin da ke zuwa Delhi, a gefen wani dattijo Balarabe mai shekara wajen 60. Da ta tambaya sai ta ji ashe wai mijinta ne. Tana sanar da hukuma aka kama shi da saukarsu, labari ya game duniya. Abin lura a nan, mutum ɗaya ne ya ga abin da bai gane ba ya yi tambaya, yarinya ta kuɓuta.

LAIFI TUDU NE

Kada mu yi ta hangen na nesa mu manta da tudun da muke kai. A Jamhuriyar Nijar, a yankin Tawa, wajen Birnin Ƙonni da Madawa da Illela, akwai al'adar da ake kira wahaya, ko mace ta biyar. Mutum yana da matan aure huɗu, sai ya sayi yarinya daga zuriyar waɗanda ake ce wa bayi, ya kawo ta gida ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba rabon gado. Ita ce daka, ita ce ɗiban ruwa, ita ce kiwo, sa'an nan maigida ya neme ta sa'ad da ya ga dama. A 2012 ƙungiyar Timidria ta Nijar tare da wata ƙungiyar yaƙi da bauta ta Ingila suka fitar da rahoto bayan sun zanta da mata 165 da abin ya shafa. Fiye da kashi 80 cikin 100 an sayar da su tun ba su kai shekara 15 ba. Rahoton ya kuma nuna cewa cikin masu saye akwai masu kuɗi daga Arewacin Nijeriya. Ashe ke nan a idon mutanen Tawa, baƙo mai ƙetare iyaka da kuɗi domin ya ɗauki 'yar talaka, wani lokaci da babbar riga yake zuwa, da Hausa a bakinsa.

Sanannen misali shi ne na Hadijatu Mani. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan sefa 240,000. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta auri wanda take so sai ya kai ƙara ya ce matarsa ce, har aka ɗaure ta wai ta yi aure kan aure. Ba ta karaya ba. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, ta zauna a Yamai, ta ce Gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umurci a biya ta sefa miliyan 10. A 2014 kuma wata kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara 4 saboda ajiye wahaya.

Duk mai cewa sa-ɗaka yake yi, to ya sani babu baiwa a ƙasashen nan. A Arewacin Nijeriya tun 1901 doka ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya. Nijar ta mai da ita babban laifi a 2003. Yarinyar da aka saya yau 'ya ce, sayen 'ya kuwa haramun ne a Shari'a kafin ma a zo ga dokar Gwamnati.

TA INA ZAI SHIGO MANA?

Ƙasar Rogo ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, mota ba ta daɗewa ta kai Zariya ko Funtuwa. Ƙasar Karaye kuwa tana da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992, ta jawo masunta da manoman rani da fatake. Waɗannan duk alheri ne. Amma hanyar da ke fitar da masara da rake ita ce ke fitar da 'ya'ya. In wata rana aka gyara bakin ruwan ya zama wurin shaƙatawa, muna fatan a tuna Fattaya ma da kamun kifi ta fara.

Ƙofa uku muka fi jin tsoro. Ta fari ita ce aikatau. Wata mace mai fara'a, sau da yawa 'yar gari ce da ta zauna birni, ta zo da atamfa da sabulu, ta ce za ta sama wa yarinya aiki a gidan manya. Wata na fari kuɗi su zo, na biyu su zo, daga nan sai labari ya yi ƙaranci. Uwa ba ta san unguwa ba, ba ta san sunan maigida ba. Daga gidan aiki zuwa hannun kawali taki ɗaya ne.

Ta biyu ita ce alkawarin ƙetare. A ce za a kai yarinya Umra ta zauna ta yi aiki a Jidda, ko a bi da ita ta Damagaram da Agadas zuwa Libiya. Da an isa sai a karɓe fasfo, a lissafa mata bashin jirgi da na biza wanda ba za ta iya biya da wanke-wanke ba. Hukumar hana fataucin mutane ta ƙasa, watau NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 kuma take da ofishi a Kano, ta sha tare irin waɗannan yara a hanya ta mai da su ga iyayensu.

Ta uku ita ce auren baƙo na gaggawa. Mutum ya zo da mota, ko ma ya fara da wayar salula, ya ce shi ɗan kasuwa ne a wata ƙasa, ba shi da lokacin jira. Ya kawo abokai biyu a matsayin dangi, ya ninka sadaki, ya ɗauke wa uba kayan ɗaki. Mahaifin da damina ta ba shi kunya, ga bashin taki a wuyansa, da wuya ya ce a dakata. Ba mu raina nauyin talauci ba, mun san shi. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ba uban ne zai sha wahalar ba. Yarinyar ce za ta dawo da saki, ko da ciwo, ko da ɗan da ba a san dangin ubansa ba. Wata ma ba za ta dawo ba.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun karantar da mu cewa aure ba ya ɗauruwa sai da waliyyi da sadaki da shaidu adalai, kuma auren da aka yanka wa wa'adi, watau mutu'a, ɓatacce ne. Hikimar sa waliyyi ita ce ya zama idon yarinya. Saboda haka al'adar bincike da iyayenmu suka bar mana ba ƙauyanci ba ce. A tura mutum biyu amintattu garin mai neman aure, su ga gidansu, su gaisa da mai unguwarsu da limaminsu. Wanda ya ƙi a san asalinsa ya riga ya ba da amsa. Tun 2024 kuma dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, don haka liman yana da hujjar da zai ce ba zai ɗaura ba sai ya ga takarda.

Ga hakimai da dagatai da masu unguwanni na Masarautar Karaye, muna roƙo kowace yarinya da za a fitar daga gari da sunan aiki, a rubuta sunan mai ɗaukarta da inda za a kai ta. Dillalai su sani dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta tanadi ɗaurin shekaru ga mai shirya tafiya ƙetare domin karuwanci, kuma Kano ta sami dokar kare yara a 2023. Wanda ya ga abin da bai gane ba ya gaya wa dagaci, ko Hisba, ko 'yan sanda.

Ga 'yan'uwanmu malaman makaranta kuwa, da ɗaliban da muke horarwa domin su zama malamai, muna cewa littafin kiran suna ba na cika umurnin mai duba makarantu ba ne kaɗai. Malami ne mutum na fari a wajen gida da zai lura yarinya ta ɓace. In ta yi mako ba ta amsa suna ba, kada a ja layi a wuce. A taka har ƙofar gida a tambaya cikin ladabi. Yarinyar da ta iya karatu za ta karanta takardar da aka ce ta dangwala wa hannu, za ta iya rubuta sunan titin da aka ajiye ta, za ta iya kiran gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Ilmin 'ya mace gadonmu ne tun kafin zuwan Bature.

Girmama baƙo halinmu ne, ba ma so mu bar shi. A ba shi ruwa, a ba shi tabarma, a ba shi tuwo. Amma in ya miƙa hannu ga 'ya, to, sai a tambaye shi wane ne ubansa, ina ne garinsu, a kuma je a gani da ido. Allah ya tsare mana zuriya, ya ba iyaye wadatar zuci, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin.