Da gaske girgizar ƙasa na rage tsawon yini?

Ranar nan a aji, a nan Asawase, wata ɗalibata ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai da gaske girgizar ƙasa tana rage yini? To lokacin buɗa baki ma zai canja ke nan?" Aji ya fashe da dariya, amma tambayarta tana kan hanya.

Ran 11 ga Maris 2011 aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 a Japan. Wani masani na hukumar NASA ta Amurka, Richard Gross, ya lissafa cewa ta rage tsawon yini da kusan kashi 2 cikin miliyan na sakan ɗaya. Layin da nauyin duniya ya daidaita a kansa kuma ya gusa da kamar santimita 17, wato bai kai taƙi guda ba.

Yaya aka yi haka? Na aro kujera mai juyawa daga ofis, na ɗora yaro da kwalbar ruwa a kowane hannu, ya miƙe hannuwa, muka juya shi. Yana jawo kwalaben zuwa ƙirji sai gudunsa ya ƙaru. Haka duniya take. A irin girgizar Japan, wani ɓangare na ɓawon ƙasa yana nutsewa ƙarƙashin wani, nauyi ya ɗan matsa ciki, juyi ya ƙara sauri, yini ya gajarta.

Sai dai ragin ba abin da ido ko agogon masallaci zai gani ba ne. Sai an tara shi kusan shekara 1,500 kafin ya cika sakan ɗaya. Iska da igiyar teku ma suna canja tsawon yini fiye da haka sau ɗaruruwa a cikin shekara, ba wanda ya taɓa ji a jikinsa. Na ce wa ɗalibar ta kwantar da hankalinta, magariba na nan inda take.

Abin da ya kamata ya dame mu yana kusa da gida. Ran 22 ga Yuni 1939 girgizar ƙasa ta kashe mutum 17 a Ankara, babban birninmu, kuma ko a Disamba 2022 mutanen birnin sun ji motsin ƙasa. Yankin Weija da McCarthy Hill na kusa da tsagar da ke ƙarƙashin ƙasa. Mu a Kumasi muna da ɗan nisa, amma wane gida ne a Zongo ba shi da ɗan'uwa da ke haya ko gini a Ankara ko Kasoa?

Don haka mai gini a can ya nemi injiniya ya duba ƙasar tukuna, kada ya rage siminti ko rodi don neman sauƙi. In ƙasa ta motsa, mafi yawan mutanen da ake rasawa gini ne ke faɗo musu. Allah ya kiyaye mu.