Takin Bola: A Tsince Shi Kafin Ya Shiga Gona

Manoman Unguwar Kanawa da masu lambu a bakin Kogin Kaduna sun san takin bola. Tsohuwar al'adar Kanawa ce: da rani a cika mangala da shara da toka, jakuna su kai gona. Da irin wannan taki ne ake noma gonakin kewayen birnin Kano kowace shekara ba hutu.

Amma fa bolar da dabam, ta yanzu dabam. A da toka ce da kashin awaki da ɓawo. Yanzu kuwa akwai leda, da fasassun kwalabe, da tsohon batir, da allurar asibiti, har da bayan gida. Leda ba ta ruɓewa, tana tare saiwa, akuya kuma in ta haɗiye ta sai ta yi ta ramewa. Bayan gida shi ya fi muni, domin ƙwan tsutsar ciki yakan yi shekara a ƙasa bai mutu ba. Latas da karas kuwa ɗanyu ake cinsu, watau daga lambu sai cikin yaro.

To, ga dabara. A tsince leda da kwalba da batir tukuna, da takalmi a ƙafa. Sa'an nan a tara sauran tsibi guda, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa bayan kowane mako 2. Tsibin zai ɗau zafi har hannu ya kasa jimrewa, zafin nan shi ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Bayan kamar wata 3, in ya yi baƙi, wari ya tafi, sai a kai gona.