Barthélémy Toguo: ɗalibin da ya mayar da hatimin fasfo aikin fasaha

Duk wanda ya taɓa tsallaka gadar da ta haɗa Kusiri da Njamena, ko ya bi layi a kan iyakar Konni da Illela, ya san ƙarar hatimi. Jami'i zai karɓi takarda, ya juya ta, ya ɗago ya dubi fuskar mai ita, sannan ya buga ko ya ƙi bugawa. Abu ne ɗan ƙarami da bai cika tafin hannu ba, amma shi ke raba wanda zai wuce da wanda zai kwana a bakin iyaka. Wannan ɗan abu ne Barthélémy Toguo, ɗan ƙasar Kamaru, ya ɗauka daga rayuwarsa ta ɗalibi a Turai, ya sassaƙa shi da itace har ya kai girman turmi, ya kuma kai shi manyan gidajen nunin fasaha na duniya.

An haifi Toguo a shekarar 1967 a Mbalmayo, wani gari da ke kudu da Yaunde a bakin kogin Nyong, wanda aka sani da harkar katako. Ya fara karatun zane da sassaƙa a makarantar fasaha ta ƙasa da ke Abijan a Kodebuwa. A can, aikin ɗalibi shi ne kwaikwayon tsofaffin mutum-mutumin Turai har hannunsa ya faɗa. A 1992 ya halarci wani horo kan sassaƙar itace, daga nan hanyarsa ta sauya. Ya wuce Grenoble a Faransa, sannan Düsseldorf a Jamus, inda ya yi karatu a hannun malamin fasaha Klaus Rinke.

A irin waɗannan makarantu ba kwaikwayo ake nema a wurin ɗalibi ba. Ana so ya nemo abin da ya dame shi, shi da kansa, ya kuma samo hanyar faɗarsa. Toguo bai yi nisa wajen nema ba, domin abin yana cikin aljihunsa. Fasfonsa ya cika da hatimi da biza da izinin zama, alhali abokan karatunsa Turawa suna tsallaka iyakoki iri ɗaya ba tare da an tsayar da su ba.

Yadda ake bugun zane

Bugun zane, wanda Faransawa ke kira estampe, hikimarsa ɗaya da ta hatimin ofis. Ana samun allon katako, a zana abin da ake so a kai, sai a ƙwaƙule duk wurin da ba a son ya fito. Abin da ya rage a sama shi ake shafa wa tawada, a danna takarda a kai, a ɗaga. Dole ne rubutun ya kasance a juye a jikin katakon, kamar a madubi, kafin ya fito daidai a takarda. Mai sassaƙar da ya manta da wannan ya yi asarar allo guda. Da allo ɗaya ana iya buga kwafi da yawa, shi ya sa ake ganin lamba kamar 3/20 a ƙasan irin waɗannan ayyuka, wato bugu na uku cikin ashirin. Mazauna zangon Kumasi ba baƙon abu ba ne a wurinsu: a Ntonso, kusa da birnin, da guntayen ƙwarya da aka sassaƙa ake buga alamomin adinkra a jikin yadi.

Abin da Toguo ya ƙara shi ne girma. Hatimansa kututture ne guda, sama kamar kai da kafaɗun mutum, galibi ba ido ba hanci, ƙasa kuma kalmomi a sassaƙe. Ba a ɗaga su da yatsu uku kamar yadda jami'i ke yi, sai an sa hannu biyu da ƙarfin jiki. A gidan tarihin ƙaura da ke Paris akwai wasu daga cikinsu da ke ɗauke da kalmomi irin su "Carte de séjour", wato katin izinin zama, da "Clandestin", wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya, da kuma suna guda, "Mamadou". Sunan nan ya fi sauran ciwo. Sunan ɗan wani ne da aka raɗa masa ranar suna aka yanka rago, amma a jikin hatimi ya koma tambarin da ake manna wa kowane baƙar fata.

Akwatunan da ba su buɗuwa

Tun daga 1996 ya fara wasu ayyuka da ya kira Transit, waɗanda filin wasansu shi ne filayen jirgin sama da tashoshin jirgin ƙasa. Tunda an saba tsayar da shi ana bincikar kayansa, sai ya sassaƙa akwatuna da itace tsantsa, ba murfi ba ciki, ya tafi da su filin jirgi. Jami'an kwastan, ko duwan kamar yadda ake cewa a Nijar da Kamaru, suka nemi a buɗe, ga shi kuwa babu abin buɗewa. A wata tafiyar ya ɗaura ɗamarar harsashi, amma alewar Carambar ce a cikin ramukanta. A wata kuma ya sayi tikitin ɓangaren manya a jirgin ƙasa na Thalys da ke zirga-zirga a wancan lokacin tsakanin Cologne da Paris, ya zauna sanye da kayan masu sharar titin Paris, yana kallon yadda fasinjoji suka kasa sakewa da shi.

Za a iya cewa tsokana ce, kuma lallai akwai tsokana a ciki. Sai dai bai karya doka ko ɗaya ba. Tikitinsa halal ne, kayansa ba haramtattu ba ne. Abin da ya fito fili shi ne zaton da aka riga aka yi masa tun kafin ya buɗe baki.

Fentin ruwa ya bi wata hanya dabam. Nan babu jami'i, babu iyaka, sai jikin ɗan Adam: hannuwa, kawuna, ganyaye da rassa suna tsirowa daga baki ko ƙirji, wani lokaci ƙusoshi a kafe. Fentin ruwa ba ya jiran gyara. Da zarar launi ya malala a jiƙaƙƙiyar takarda, ya tafi inda ya ga dama, sai mai zane ya bi shi. Toguo yakan bar ja ya bazu har mai kallo ya rasa ko jini ne ko fure. Masu bi ta tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Château Rouge, unguwar da 'yan Afirka suka fi yin cefane a Paris, suna wuce wani babban zanensa mai launin shuɗi da aka yi a kan tayil a 2017.

Aikin da ake shiga cikinsa

Nau'i na uku shi ne wanda ya fi rikita sabon mai kallo. Installation ba hoto ba ne da za a rataye, ba kuma mutum-mutumi guda ba. Kaya ne ake jerawa a ɗaki ko a fili, mai kallo ya zagaya su, in an gama nuni a kwance su. Mai tambaya zai ce, to mene ne bambancinsa da jibga kaya a ɗakin ajiya? Bambancin yana cikin zaɓi da jeri.

A Climbing Down na 2004, Toguo ya ɗora gadaje kan gadaje har suka yi sama, da tsani, da jakunkuna irin na matafiya a rataye. Wanda yake da ɗan uwa a gidajen kwanan ma'aikata baƙi a Faransa ba ya bukatar a yi masa bayani. A Road to Exile na 2008, kwale-kwalen katako ne aka labta wa ƙunshin kaya na atamfa har suka fi shi tsawo, kuma maimakon ruwa a kan bulo yake zaune. Babu mutum ko ɗaya a ciki, ƙunshin kayan ne ke tsaye a madadin masu su. A 2015, a babban baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya, wanda ɗan Najeriya Okwui Enwezor ya jagoranta a shekarar, ya jera hatimai fiye da ɗari a kan matakalai ƙarƙashin sunan Urban Requiem, da takardun da aka buga da su a bango. A 2022 kuma gidan tarihin Louvre ya ba shi wuri a ƙarƙashin dalarsa ta gilashi, inda ya tayar da ginshiƙi mai tsawon mita 18 na ƙunshin kaya, don tunawa da 'yan ci-ranin da suka ɓace a hanya.

Akwai wani ƙulli a nan da bai kamata a kauce masa ba. Ayyukan da ke magana kan waɗanda aka hana biza, a Paris da Venice ake nuna su, inda sai mai biza ne zai je ya gani. Mutanen da labarin ya shafa su ne suka fi nisa da shi.

Toguo, wanda hukumar UNESCO ta naɗa jakadan zaman lafiya ta fannin fasaha a 2021, ya mayar da wani ɓangare na abin da ya samu gida. A Bandjoun da ke yammacin Kamaru ya gina cibiya mai suna Bandjoun Station, inda ake nuna ayyukan fasaha, ake saukar masu zane daga ƙasashe dabam-dabam su zauna su yi aiki, ake kuma kawo 'yan makaranta su gani da idonsu. Cibiyar tana da gona, ana noman abinci da gahawa. A nan ake sarrafa gahawar, a zuba ta cikin fakitin da aka buga wa zane, kuma masu noman ne ke yanka mata farashi.