Me Ya Sa Aka Rufe Twitter a Najeriya a 2021?

Lamarin dai ya fara ne daga wani saƙo da Shugaba Muhammadu Buhari ya wallafa a farkon watan Yuni na 2021, inda ya gargaɗi masu tayar da ƙayar baya a kudu maso gabas tare da tuna musu yaƙin basasa. Kamfanin Twitter ya goge saƙon, yana cewa ya saɓa wa ƙa'idojinsa. Ranar 4 ga watan, Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da shafin, abin dariyar ma a Twitter ɗin aka wallafa sanarwar.

Washegari kamfanonin waya suka toshe hanyar shiga. Amma matasa ba su kwanta ba. Suka koma ga VPN, manhajar da ke sa waya ta zama tamkar daga wata ƙasa take shiga intanet. Ministan Shari'a Abubakar Malami ya yi barazanar gurfanar da masu yin haka.

A majalisun shayi ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin kamfanin Amurka bai isa ya taɓa maganar shugaban ƙasa ba. Masu sayar da atamfa da turare ta shafin kuwa, ciniki ne ya tsaya musu.

An janye dakatarwar ranar 13 ga Janairun 2022, bayan gwamnati ta ce kamfanin ya amince ya yi rajista ya kuma biya haraji. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa rufewar ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki.