Kada Manomi Ya Daina Duban Tsuntsaye Don An Shiga Rani

Kowane manomi a ƙasar Bagwai ya san wahalar tsaron tsuntsu da kaka. Da gero ya fid da kai, sai a ga yara a gona tun asuba, ga majajjawa, ga gwangwanaye rataye a igiya, ana ta ihu har faɗuwar rana. Amma da an kai amfani rumbu, sai kowa ya sake jiki, ba mai sake ɗaga ido sama sai shamuwa ta dawo. A zamanin da, wannan ba laifi, gama da rani babu kome a gona sai kara. Yanzu kuwa al'amari ya sake.

Abin da ya sake shi shi ne ruwa. An gina madatsar Watari tsakanin 1977 da 1980, tun daga nan aka sami noman rani sosai a Bagwai, ana shuka shinkafa da alkama da masara da tumatir. Sa'ad da daji ya bushe, tafkuna suka ƙafe, tsuntsu ba shi da wurin zuwa sai inda ruwa da ɗanyen ganye su ke. Watau lokacin da mutane su ke ganin ya yi shiru, shi ne lokacin da tsuntsaye su ke taruwa wuri guda.

Da farko ya kamata manomi ya san masu tafiya da masu zuwa. Shamuwa ta kan iso da bazara, wajen Afril ko Mayu, ta yi sheƙa a manyan itatuwan gari, ta ci fara da tsutsa duk damina. Wajen Oktoba sai ta tashi ta nufi kudancin Afirka, inda damina ta ke farawa. Tana tafiya kuwa sai baƙi su sauka daga ƙasashen Turai, masu gudun sanyi: tsattsewa, da agwagin ruwa iri iri, da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin ruwa. Waɗannan sun ƙetare Bahar Rum da Sahara, su kan zauna har wajen Maris ko Afril kana su koma.

Saboda haka ne masanan tsuntsaye ba su ɗauki rani lokacin hutu ba. Tun 1967 a ke ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa cikin watan Janairu. A nan Arewa babban wurin wannan aiki shi ne fadamun Haɗeja da Nguru, inda ruwan Watari ya ke gangarawa bayan ya bi ta Challawa. Dalilin zaɓen wannan wata a fili ya ke: tsuntsayen sun natsu wuri ɗaya, ganye ya kaɗe, ido yana kaiwa nesa.

Wannan dalili kuwa shi ne zai amfani manomi game da babban abokin gabansa, watau jan-baki. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne, amma kowane ɗaya ya kan ci hatsi wajen giram 10 a yini. In garke ya kai miliyan 2, to, tan 20 ke nan a rana guda, watau buhu 200 mai kilo 100. Asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce. Idan ta yi ƙaranci a ƙarshen rani, ko kuwa ruwan fari ya sauka ta tsiro, sai ya juya kan shinkafa da alkama da ke nuna a fadama.

Jan-baki ba ya kwana warwatse. Da almuru ya kan taru a wuri guda, cikin kacala ko rake ko sarƙaƙiyar ƙaya kusa da ruwa. Wanda ya tsaya bakin gona bayan la'asar, ya lura da inda garke ya ke dosa kwana uku a jere, lalle zai gane makwancinsa. In ya gane, sai ya gaya wa mai unguwa da malamin gona, su kai magana gaba tun garken bai yi yawa ba. Kyautuwa ya yi kuma maƙwabta su yi shuka lokaci ɗaya, domin gonar da ta nuna ita kaɗai ita ce ke shan ɓarna. A kuma sare kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa.

Amma fa ba kowane tsuntsu ne ɓarawo ba. Balbela tana bin shanu da garma tana tsince fara. Mujiya, wadda mutane su ke tsana a banza, ɓeraye ta ke kamawa a gindin rumbu. Wanda ya zuba guba a bakin ruwa don jan-baki, sai ya hallaka waɗannan, ya kuma jawo wa kifi da dabbobi masifa.

Sauran abu guda. A watan Fabrairu na 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya, a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, ta kuma kama kaji a Kano. Don haka wanda ya ga tsuntsayen daji matattu da yawa a bakin dam, kada ya taɓa su, kada ya bar yara su kai gida, a hana kaji da agwagi zuwa wurin, a sanar da malamin dabbobi nan da nan.

Duk wannan aiki ba ya cin ko kwabo, sai dai ido da haƙuri. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Allah ya ba da amfani mai albarka.