Wa Ya Kai Kiristanci Tsibiran Fasifik?

Akwai wani labari da ya ishe ni a Facebook da WhatsApp: wai Bature guda ya sauka a tsibirin masu cin naman mutane riƙe da littafi, ko su cinye shi ko ya juyar da su gaba ɗaya. Masu yabon 'yan mishan suna yaɗa shi, masu sukarsu ma suna yaɗawa, sai dai su ce da bindiga aka yi. Ɓangarorin biyu sun mayar da mutanen tsibiran raƙumi da akala. Tarihi bai nuna haka ba.

A 1797 jirgin ruwan Duff ya isa Tahiti da mutum 30 na ƙungiyar mishan ta Landan. Huɗu ne kawai fastoci, sauran kafintoci ne da magina da masaƙa da makamantansu. Shekara na zagayowa 11 suka tsere zuwa Ostireliya, a 1799 kuma aka kashe uku daga cikin waɗanda jirgin ya kai Tonga. Aka shafe fiye da shekara goma ba a yi wa kowa baftisma ba. Lamarin bai juya ba sai da Sarki Pomare na II na Tahiti, wanda abokan gaba suka kora daga mulki, ya rungumi sabon addinin, ya ci yaƙi a 1815, aka yi masa baftisma a 1819. Daga nan 'yan tsibiran suka karɓi aikin. Papeiha, ɗan yankin, yana cikin waɗanda aka bari a Aitutaki a 1821. Da aka je Rarotonga a 1823 aka wulaƙanta malaman da suka sauka har jirgi ya kwashe su, shi ne ya ce a bar shi, ya zauna shi kaɗai. A 1830 Baturen mishan John Williams ya ajiye malamai takwas 'yan tsibiri a hannun Sarki Malietoa na Samowa, ya kama gabansa. 'Yan Tahiti uku sun riga Turawan mishan isa Fiji da shekara biyar. Tuvalu kuwa ko jirgin mishan ba ta jira ba: wani dattijon coci mai suna Elekana ne iska ta ɓatar da kwalekwalensa, ya yi makonni a teku, ruwa ya jefo shi can a 1861.

Wani zai ce ai an kashe Turawan, har an ci wasu. Gaskiya ne, an kashe Williams a Erromango a 1839. Amma kafin zuwansa baƙi masu saran itacen sandal sun zubar da jini a tsibirin, kuma kisan ɗan mishan George Gordon da matarsa a can a 1861 ya biyo bayan ƙyanda da jiragen baƙi suka kawo, ta yi ta kashe mutane. Da aka kashe ɗan mishan Thomas Baker a Fiji a 1867, 'yan Fiji bakwai aka kashe tare da shi, amma sunansa kaɗai ake kira. Wani kuma zai ce kuɗi da jirgi da injin buga littafi na Turawa ne. Haka ne, amma jirgi ba ya jin yare, kuma sarakuna da lissafinsu na mulki da ciniki suka buɗe ƙofa.

Don haka, mai karatu, in labari irin wannan ya shigo wayarka, dakata kafin ka tura. Duba ko an faɗi sunan tsibirin da shekarar. Tambayi wa ya yi tafinta, wa ya ba baƙon masauki, wa ya zauna bayan jirgi ya tafi, kuma wa ya rubuta labarin, domin yawancin abin da ya iso mana daga wasiƙun da 'yan mishan ke aikawa gida ne, ga masu ba su gudummawa. Malaman makaranta da masu wa'azi, na masallaci da na coci, ku ne kuka fi kowa alhakin tantancewa. In za ku ambaci Williams, ku ambaci Papeiha.